Yaren Iya Kulu

Da sunan Allah. Masu bibiyar labarina, na ga saƙonninku duka, har da na masu cewa Badi'a ta samu miji ta watsar da mu. Ba haka ba ne. Sati uku na yi ina buɗe waya ina rufewa, don abin da ya faɗo gidanmu ban san ta ina zan kamo bakinsa ba.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, shekarata ashirin da huɗu, a Zawaciki muke zaune, ina aikin jera biskit cikin kwali a wani kamfani a Challawa. Wanda nake ba ku labarinsa kuwa Ashafa ne, mai kula da sito a kamfanin namu, wanda duk ƙarshen mako yake zuwa jami'a karatun digiri na biyu a kan harsuna. Mun tsaya a inda Babanmu, Malam Ya'u, ya ba shi izinin turo magabatansa. An tsayar da wata Asabar, bayan la'asar.

Ana saura kwana goma sha takwas Iya Kulu ta faɗi a bakin famfo.

Iya Kulu ita ta haifi Baba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, siririya, kullum cikin zanin atamfa da ya koɗe da ɗankwali ɗaurin gaba. Daddawa take sayarwa a ƙofar gida, kuma duk layinmu babu wanda ya kai ta iya zaurance da habaici. Mun tashi ana ce mana asalinmu wani ƙauye ne bayan Gumel. Ba mu taɓa zuwa ba, ba a taɓa zuwa mana daga can ba. In na tambaya sai Baba ya ce dangi sun ƙare, in tashi in ba shi wuri.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Kwana huɗu ba ta ce uffan ba. A na biyar ina gefen gado ina ɓare lemo ta buɗe ido ta dube ni, ta yi magana. Doguwar magana, a nutse, murya na hawa tana sauka irin ta mai cikakken hankali. Ko kalma ɗaya ban gane ba.

"Iya, me kika ce?"

Ta maimaita. Umma ta matso ta kasa kunne, sannan ta waiga ta dubi Baba. Yana tsaye a bakin ƙofa da ledar magani a hannu. Ya juya ya fita.

Likitan ya ce hakan na faruwa, wani lokaci ciwon yakan tafi da yaren da mutum ya koya daga baya, ya bar masa na yarinta. Ya tambayi Baba wane yare take ji banda Hausa.

"Babu," in ji Baba.

Likita ya ɗan dube shi ta saman tabarau, ya ci gaba da rubutunsa.

Da muka dawo gida sai wata sabuwa ta ɓullo. Iya ta ƙi abinci. Na dama kunun gyaɗa, na yi fate, Umma ta yi mata miyar kuka da man shanu irin wadda take so. Da an kai cokali bakinta sai ta ture da hannun hagu, ta kama waccan maganar, a ciki tana ta nanata kalma ɗaya, Dwari, Dwari. Ruwa kawai take karɓa, sai in mun matsa ta haɗiyi kunu cokali biyu tana hawaye. Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ta shigo dubiya, ta saurara, ta ja mayafi ta ce wa Umma a hankali, "Sa'adiya, ku nemi masu ruƙiyya. Sunan mutanen ɓoye take kira."

A ranar Baba ya sa muka mayar da Iya ƙuryar ɗaki, aka saki labule mai kauri. Ya tara mu ni da Umma a tsakar gida.

"Daga yau babu mai shiga dubiya. Wanda ya tambaya ku ce bakinta ya mutu, ba ta magana." Ya juyo kaina. "Ke kuma, musamman yaron nan. Mutanen cikin gari ne, masu tone-tone. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ku fahimce ni, Baba ba mugu ba ne. Shekara ashirin da bakwai ya yi a kamfanin fata yana shaƙar wari don mu yi makaranta, yanzu shi ne ladanin masallacin unguwa, mutum ne da ake tashi a ba shi wuri. Kullum da safe shi yake ɗaga Iya a canza mata shimfiɗa. Amma da ta fara magana sai ya miƙe ya bar ɗakin kamar an kira shi a waje.

Ran Litinin, ana saura kwana biyar baƙi su zo, ban je aiki ba, na ɗaura wa Iya zani na ga ya zagaye ta sau biyu da rabi. Likita ya riga ya ce in aka kai mako mai zuwa a haka sai an zura mata roba ta hanci. Na leƙa, Baba ya tafi azahar. Na kunna waya na ɗauki muryarta, minti biyu da 'yan daƙiƙu. Na daɗe ina kallon sunan Ashafa kafin na tura.

"Don Allah kai kaɗai. In Baba ya ji na shiga uku."

Shuɗin layi biyu ya fito, alamar ya buɗe saƙon. Shiru, har na idar da wanke-wanke. Can sai ga shi.

"Na saurara sau tara. Kwantar da hankalinki, wannan ba sambatu ba ne, ba kuma aljanu ba. Akwai tsari a ciki. Yare ne."

"Wane yare?"

"Shi ne ban sani ba. Ba Fulatanci ba ne, ba Barbarci ba, bai yi kama da duk wanda na taɓa karantawa ba. Ba ni kwana biyu."

Na ji sanyi a raina, ban ɓoye muku ba. Ashe da sauran rina a kaba.

Ran Alhamis da ƙarfe sha ɗaya aka busa hutun cin abinci. Na cire hular leda da safar hannu, na zauna kan benci bayan kantin abinci da kular dafa-dukata. Ladi, abokiyar aikina 'yar Kafanchan da muke tsayawa layi ɗaya, ta zo ta zauna tana latsa waya.

"Ke Badi'a, saurari wannan. Mutuminki ne yake yawo da shi, wai duk wanda ya gane yaren ya neme shi. Ni dai na ce ba namu ba ne."

Ta danna. Muryar Iya ta fito, a tsakiyar mutane, cikin ƙarar janareto. Dwari, Dwari. Wani direban babbar mota da ke cin taliya a gefe ya yi dariya ya ce wannan ai tsuntsuwa ce.

Ban san lokacin da na rufe kular ba. Na ratsa ta gaban masu lodi da rigar aikina, na same shi a ƙofar sito da allon rubutu a hannu.

"Kai kaɗai na ce."

Ya sauke allon. "Ban faɗi ko muryar wa ce ba, Badi'a. Na rantse."

"Mutum nawa?"

"Malamina a jami'a. Sai ma'aikata, nan da Sharada da Bompai. Babu inda yaruka suka taru a Kano kamar kamfanonin nan, shi ya sa. Za su kai arba'in."

Arba'in. Na dafa buhun fulawa.

"Tsaya ki ji," ya ce, ya rage murya. "Yaruka ma dangi gare su kamar mutane. Hausa 'yar'uwar Bolanci ce da Angasanci, har da Larabci akwai zumunci na nesa. Amma akwai 'yan kaɗan a duniya da masana suka bi, suka bi, ba su samo musu ko ɗan'uwa ɗaya ba. Akwai Bask tsakanin Sifen da Faransa, akwai Bangime a duwatsun Mali, akwai Laal a bakin kogi a Chadi. Minti biyu ba ya isa a yanke hukunci, amma malamina ya kasa zama da ya ji. Ya ce in dai abin da yake zato ne, kakarki na iya zama cikin na ƙarshe da suka rage a duniya."

Idonsa har wani ƙyalli yake. Wata takwas muna tare ban taɓa ganin ya dube ni da irin wannan idon ba, kuma abin ya soke ni.

"Kakata kwana goma sha ɗaya ba ta ci abin kirki ba, kai kana lissafa min Sifen. Faɗa min gaskiya, ni kake so ko bakin tsohuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na yi laifi," ya ce. "Da na tambaye ki kafin in kunna wa kowa. Ba ni da abin karewa. Amma jiya da yamma wani tsoho a Bompai ya ji, ya ce in sake kunnawa. Da na sake sai ya zauna a ƙasa. Ya ce ba zai faɗa min komai ba sai ya ga mai ita, ko jininta."

Ban ce masa na yafe ba. Na ce gobe in an tashi aiki ya kai ni, kuma da Ladi za mu.

Juma'a bayan an sauko masallaci muka hau adaidaita sahu mu uku. Na ce wa Umma aiki ya riƙe ni. Tun daga Challawa har Bompai ban kalli inda yake ba, ina ta murza bakin hijabina ruwan toka. Muka tsaya a ƙofar wata tsohuwar masaƙa da aka rufe tun ina firamare, ciyawa ta cinye harabar, get ɗin ya yi tsatsa. Mai gadin sunansa Baba Gidiyon. Dogo ne, ya haura saba'in, da tsohuwar rigar sanyi da ƙaramin gicciye a wuya. Ya ba ni kujerarsa, shi ya zauna kan bulo.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallon fuskata.

"'Yata, mece ce ita a wurinki?"

"Kakata ce, Baba. Ita ta haifi mahaifina."

"Tana raye?"

"Tana raye, amma ta ƙi cin abinci."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Rabona da jin wannan bakin tun rasuwar uwata, shekara talatin da ɗaya. Na ɗauka da ita aka binne shi. A kan wani tsauni muke, can gabas, gaba da Bauchi. Gida bai fi arba'in ba. Ƙauyukan da ke kewaye da mu suna jin junansu, mu kuwa babu mai jin ko kalmarmu. In mun sauko kasuwa yara su bi mu suna kwaikwayo. Da yunwa ta koro mu ƙasa kowa ya kama bakin inda ya sauka, wasu suka shiga coci, wasu masallaci, aka daina koya wa yara. Ni ma rabi nake ji, 'ya'yana ko gaisuwa ba su sani ba."

"Me take cewa, Baba?"

"Cewa take, ku fara ba Dwari, yaron bai ci komai ba tun jiya. Dwari sunan namiji ne."

Na ce ba mu da wani Dwari. Babanmu shi kaɗai Iya ta haifa, a iya sanina.

"To wataƙila wani ne da ta rasa a hanya. Da yawa an rasa." Ya mayar da hularsa. "Uwa ba ta ci ɗanta na jin yunwa. In aka ce mata da bakinta yaron ya ƙoshi, ina jin za ta karɓa. Gobe da rana ɗana zai riƙe min get. Ranar kaɗai nake da ita, jibi coci, Litinin kuma masu wurin za su zo zagaye."

Gobe. Asabar. Na dubi Ashafa, shi ma ni yake kallo.

"In kin ce a bari sai bayan kawunnaina sun zo sun tafi, ba wanda zai ga laifinki," ya ce.

Wallahi na yi tunanin hakan, kar ku ɗauka ni waliyyiya ce. Kwana uku kawai, a karɓi magana, a sa rana, sannan a nemi tsoho. Sai na tuna yadda ƙashin wuyanta ya fito. Na ce wa Baba Gidiyon ƙarfe biyu da rabi, na kwatanta wa Ladi gidan.

Da na koma na samu Umma a kicin tana soya cincin na baƙi. Na faɗa mata komai, ina jiran mari. Ta ci gaba da juya cincin har ya yi ja, ta kwashe.

"Shekara ashirin da shida Iya tana rufa min asiri a gidan nan," ta ce. "Babanki zai je kasuwa sayo lemo bayan azahar. Ki shigo da shi. In magana ta tashi ni ce na ce."

Asabar tun safe aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar darduma, na turare ko'ina. Umma ta sa na saka leshina mai ruwan zuma wanda aka ɗinka don ranar, da mayafi mai duwatsu, na zizara kwalli. Baba ya fita da babur ƙarfe biyu da kwata. Biyu da rabi ta yi, babu su. Uku saura kwata, babu su. Ladi ta turo saƙo, "Cunkoso a Na'ibawa, muna tafe." Sai uku da minti goma suka iso.

Baba Gidiyon ya cire takalminsa a ƙofar ɗaki, ya shiga ya tsuguna nesa da katifa. Ya gyara murya ya faɗi wata gajeruwar kalma.

Iya ta juyo da kai da saurin da ban san tana da shi ba. Ta ƙura masa ido. Ta amsa. Ya sake faɗa, ta sake amsawa, sai maganar ta ɓalle mata kamar an buɗe famfo, tana yi ɓarin bakinta na rawa, shi yana gyaɗa kai hawaye na bin gemunsa. Umma ta toshe baki da mayafi. Ya karɓi kofin kunu a hannuna ya yi mata bayani. Ta dubi kofin, ta girgiza kai.

"Ta ce ba ta yarda ba. A kawo shi ta gani da idonta."

A daidai nan muka ji tsayuwar babur.

Na ji Baba ya sauke katan ɗin lemo a zaure. Na ji takunsa a tsakar gida, na ji inda ya tsaya. Takalmin ne ya gani. Ya ɗaga labule. Yana sanye da farar shaddarsa ta Juma'a, ya dubi tsohon, ya dubi gicciyen, ya dube ni.

"Wa ya shigo min da namiji gida?" Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

"Ni ce, Malam," in ji Umma.

"Ni ce, Baba," na ce. "Ni na ɗauki muryarta, ni na nemo shi."

"Yau? Yau kika zaɓa ki tona min asiri?"

Baba Gidiyon ya yunƙura ya miƙe, yana dafa bango. "Mai gida, a yi haƙuri, na shigo ba da izininka ba, yanzu zan fita. Abu ɗaya kawai. Baiwar Allah nan ɗanta take nema, wai shi Dwari. In ya rasu ne a faɗa min, in san yadda zan lallaɓa in gaya mata."

Iya tana ta kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Bai rasu ba," in ji Baba.

Ya saki labulen ya shigo. Ya zauna a ƙasa da farar shaddar, kusa da katifa, ya kafa ido a kan tabarma.

"Tun a asibiti nake jin abin da take faɗa. Na ce mata na ci, da Hausa, ya fi sau ɗari. Ba ta gane ni, wani tsoho mai furfura take gani. Na nemi amsar a bakina, babu. Shekarata bakwai muka shigo garin nan, aka yi min dariya a makarantar allo, na yi rantsuwa ba zan ƙara furta shi ba. Ita ma na hana ta." Ya ɗago ya dubi Baba Gidiyon. "Malam, yaya ake cewa na ci?"

Tsohon ya faɗa masa. Kalma biyu ce, ba zan rubuta ba don ban san yadda ake rubuta ta ba. Baba ya maimaita, ya karkace. Tsohon ya gyara masa. Ya sake, kamar yaro a gaban allo. A na uku ya juya ya faɗa wa Iya, ya ƙara da wata kalma da ba a koya masa ba, wadda daga baya na ji ma'anarta uwa.

Iya ta miƙa hannun hagu ta ture hularsa. Ta shafa bayan kunnensa inda yake da wani tsohon tabo, ta daɗe a wurin. Ta yi magana.

"Ta ce ka sha ta gani," in ji Baba Gidiyon.

Baba ya ɗebi kunu ya sha cokali uku. Ya ɗebo na huɗu ya kai bakinta. Ta buɗe.

Ta sha rabin kofi kafin muka ji sallama a ƙofar gida. Ko la'asar ba a kira ba, baƙin sun zo da wuri don su yi salla a masallacinmu. Umma ta ce Baba Gidiyon ya zauna a ɗaki har su tafi, babu wanda zai sani.

"A'a," in ji Baba. Ya goge fuska, ya sa hula, ya kama hannun tsohon. "Zo mu je."

Na laɓe bayan ƙofar zaure. Su biyu ne, Alhaji Idrisu mai yawan magana, da yayansa Alhaji Abubakar wanda tun da ya gaisa bai ƙara cewa komai ba. Sun ajiye ƙullin goro da ledar alawa a gefen darduma. Bayan gaisuwa Alhaji Idrisu ya gyara babbar riga.

"To Malam Ya'u, ka san al'ada. Yaro ya ce mana mutanen Gumel ne ku. Wane gida? Muna da jama'a a can."

"Ni na faɗa masa haka, Alhaji, kuma ba gaskiya ba ne."

Ya ba su labarin tsaunin, da mutuwar mahaifinsa shekarar yunwa, da yadda uwarsa ta goyo shi wani wuri ta ja shi wani wuri har Kano, ta musulunta a hannun matar da ta ba su masauki, aka sa mata Kulu, shi aka sa masa Ya'u.

"Sunan da aka raɗa min Dwari. Kakannina ba su yi salla ba. Ba ni da wani dangi da zan nuna muku sai wannan bawan Allah da na sani yau, shi kuma Kirista ne. 'Yata dai ga ta nan, kun ji halinta. In kun fasa ba zan riƙe ku ba."

Alhaji Idrisu ya dubi yayansa.

"Mun gode da gaskiya," in ji Alhaji Idrisu, muryarsa ta canza. "Amma wannan ba maganar da za a yanke a zaune ɗaya ba ce. Za mu koma gida mu yi shawara."

Ko lemon ba su buɗe ba. Na ji tashin motarsu. Da na leƙa zauren, ledar alawa babu, amma ƙullin goron yana nan, an tura shi can ƙarƙashin benci.

"Kar wanda ya taɓa," in ji Baba, ya wuce alwala.

Wajen ƙarfe biyar da rabi, bayan Ladi ta tafi da Baba Gidiyon da alkawarin zai dawo Laraba, saƙon Ashafa ya shigo.

"Kawu Idrisu ya ce a fasa, wai wanda ya ɓoye asali shekara hamsin me kuma ya ɓoye. Kawu Abubakar ya ce da gangan ya bar goron, kuma shi ne babba. Sun kasa daidaitawa, sun shiga wurin Hajiyata. Ni na faɗa musu inda na tsaya. An ce in ajiye waya in shigo."

Na rubuta, "Ina ka tsaya?" Layi ɗaya ya nuna. Ya kashe wayar.

Na cire leshin na ninke, na sa doguwar rigar gida, na koma wurin Iya da sauran kunun. Tana karɓa a hankali, tana yi min wata magana mai kama da tsokana. Ina kan cokali na shida wayata ta yi ƙara a kan katifa. Baƙuwar lamba. Na ajiye kofin, na goge hannu na ɗauka, na yi sallama.

"Ke ce Badi'a?" Muryar babbar mace ce, babu wasa a cikinta. "Mahaifiyar Ashafa ce."

Na zame na durƙusa kamar tana gabana. "Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya. Maza sun gama surutunsu, na ji kowa. Ni ba na yanke magana a kan mutumin da ban ga idonsa ba. Ki gaya wa mahaifiyarki gobe da hantsi ina tafe, ni kaɗai. Ba wurinki zan zo ba, ba wurin babanki ba. Tsohuwar za a kai ni."

Kafin in ce to ta kashe.